Hoton da Aka Datse

Ranar da Fatihu ya fara shiga shagon Ramlat, ba soyayya ce ta kawo shi ba. Wake ne.

Shagon yana bakin tashar Kunci, tsakanin mai faci da mai sayar da takin zamani. A ciki akwai kwamfuta ɗaya, da firinta mai yawan tari, da takardar diflomar Ramlat cikin gilashi, wadda babban aikinta shi ne rufe wata tsaga a bango. A Kano ta koyi zayyana a kwamfuta, ta dawo gida tana buga katin biki da hoton fasfo. Mutanen gari suna ce mata 'yar boko, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu.

Ya yi sallama. Dogo ne siriri, rataye da jakar kwamfuta da ta sha ƙurar hanya.

"Ke ce mai gyaran hoto?"

"In hoton mai gyaruwa ne."

Ya zauna ya yi bayani. Shi ɗan wajen Shanono ne, ya karanta kwamfuta a jami'a, ya ƙirƙiri wata manhajar waya mai suna Rumbu. Manomi zai sa hoton hatsinsa, mai saye daga kasuwar hatsi ta Dawanau ya gani, su yi ciniki ba dillali a tsakani. Manhaja ta kammala. Saura a ɗora ta a shagon manhajoji inda kowa zai iya saukewa. Shi kuma shagon ba ya karɓar manhaja sai da hotunan fuskarta, wato sikirinshot, kuma a kan awon da ya gindaya.

"An dawo mini da su har na gaji," in ji shi, ya juya mata kwamfutar.

Ta leƙa. "Wannan mene ne?"

"Wake."

"Na ɗauka ƙwan zabo ne."

Da aka ce masa hoton ya cika tsawo, sai ya kama gefensa ya ja don ya ƙara faɗi. Kowace ƙwayar wake ta kumbura kamar an jiƙa ta kwana biyu.

"Wayarka ce ta cika tsawo, kamar mai ita," in ji Ramlat. "Ƙa'idarsu, tsawon hoto kada ya wuce faɗinsa ninki biyu. Ba ja ake yi ba, Injiniya. Datsewa ake yi. A rage sama, a rage ƙasa, a mayar da shi dubu ɗaya da tamanin a faɗi, dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin a tsawo."

"Abin da aka datse fa?"

"Abin da ba a bukata ake datsewa."

Ta faɗi haka da cikakken tabbacin mai difloma. Shi kuwa ba hoton yake kallo ba.

Aikin da bai wuce na yini ɗaya ba ya ci kaka guda. Yau hoton babbar waya ne, gobe na kwamfutar hannu, jibi shimfiɗaɗɗen hoton da ake sawa a saman shafi. Kowanne da awonsa, kuma kowanne sai Fatihu ya hau babur daga Shanono ya kawo da kansa, kamar ba a ƙirƙiri data ba.

Saƙonni suka fara shigowa.

"Ranki ya daɗe, Sarauniyar Awo. Yau ma ina ganin hoton kwamfutar hannu bai zauna daidai ba. Dole na zo."

"Injiniya, jiya na gyara shi. Faɗi gaskiya, fetur ne ya yi maka yawa?"

"Zuciya ce ta yi mini tsawo, ta wuce faɗinta ninki biyu. Ki taimaka ki datse mini."

Ta ja tsaki ta ajiye wayar. Ta ɗauka ta sake karantawa, ta sake jan tsaki, amma na biyun bai fita da kyau ba, murmushi ya ɓata shi.

"Ba a datse zuciya. Ka kawo ta yadda take."

"Ramlatuna, ashe haka kike?"

"Kada ka saba."

Da magana ta yi nisa, ya je gaishe da mahaifinta. Malam Abdulmumini manomi ne da bai taɓa yarda da abin da ba a iya zubawa a buhu ba. Ya amsa gaisuwa a zaure, ya ƙare wa yaron kallo tun daga hula har takalmi.

"Yaro, ina gonarka?"

"Baba, sana'ata a waya take."

"To. Allah ya ba da damina mai albarka a cikin wayar."

Malam yana da wanda ya fi kwanta masa a rai: Anas, ɗan wani babban dillalin hatsi a Dawanau, mai mota da sito. Bai matsa wa Ramlat ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce mata, "Ban ce dole ba. Amma mai buhu ya fi mai hoton buhu."

Hoto ɗaya ya rage, na shafin ciniki, inda manomi da mai saye suke hira. Ana bukatar hirar misali. Ramlat ta ɗebo farin waken babanta a ƙwaryar Innarta, ta ɗauke shi hoto. Fatihu ya ce su sa sunayensu, wai sunan ƙarya ba ya kama da gaskiya. Suka rubuta suna dariya, ita a wayarta, shi a tasa.

A saman shafin akwai hoton waken, da rubutu: MISALI, farin wake buhu biyu. A ƙarƙashinsa hirar ta biyo.

Fatihu: Na gani, ina so.

Ramlat: To ka zo da wuri kafin wani ya riga ka.

Fatihu: Gobe bayan la'asar.

Ramlat: Ko Baba ba ya nan, ni zan buɗe maka. Ka biyo ta bayan gida, nan rumbun yake.

Ranar kasuwa Ramlat ta gyara hoton, mutane sun yi layi suna jiran fasfo. Ta rage sama, ta rage ƙasa. Lambobi take kallo, ba kalmomi ba. Hoton wake ya tafi, kalmar misali ta tafi, layin ƙarshe mai cewa "nan rumbun yake" shi ma ya tafi. Awo ya fito cif, babu ragi babu ƙari. Shagon manhajoji, wanda bai san Malam Abdulmumini ba, ya karɓa nan take.

Suka sha lemo a bakin shago don murna.

Anas ya shiga ya duba manhajar da aka ce za ta raba dillalai da abinci. Bai sauke ta ba, bai bukaci hakan ba. Ya tsaya a kan hotunan, ya ga wanda ya gani, ya ɗauki sikirinshot ɗin sikirinshot, ya jefa a guruf ɗin 'yan gari. Bai ƙara komai ba sai kalma ɗaya: "Ikon Allah."

A yankin nan mutum yana iya musanta shaidu biyu adalai, amma ba ya musanta sikirinshot.

Kafin azahar hoton ya kai gonaki. Maƙwabciyarsu Hure, wadda ba ta iya karatun boko ba amma tana da jika mai waya, ta shigo gidan da mayafi a karkace.

"Innar Ramlat, ni ban ce komai ba. Amma an ce duniya gaba ɗaya tana gani, har Makka."

Inna ta zauna a kan turmi. Malam ya dawo daga gona bai ko wanke ƙafa ba, ya kira Ramlat.

"Sunanki ne wannan?"

"Baba, misali ne. Maganar wake muke yi."

"Ina waken?"

"Na datse shi."

"Kin datse shi." Ya maimaita a hankali, kamar mai tauna tsakuwa a tuwo. "Ba ni makullin shago. Shi kuma yaron nan, kada in ƙara jin ƙarar babur ɗinsa a unguwar nan."

Ta shiga ɗaki ta buɗe ƙaramar kwamfutarta ta gida. Cikin ɗan lokaci ta haɗa sabon hoto, da wake, da kalmar misali, da sunayen da babu masu su. Ta tura masa.

"Ka cire wancan yanzu. Ga madadinsa."

"Zan cire, sahibata. Ki yi haƙuri, wallahi raina ya ɓaci. Sai dai sauyi yana ɗaukar kwanaki kafin su amince."

Gaskiya ce, amma ba dukkanta ba. Ramlat ta san aikin. Kullum da safe tana leƙa shagon manhajoji, kullum hoton yana nan, da sunanta a kai, tana gayyatar namiji ta bayan gida. A bakin rijiyar burtsatse mata suna yin shiru in ta iso, irin shirun da ya fi ihu ƙara. Wata amarya ta aika garin Tsanyawa aka buga mata katin biki, don kada albarkar aurenta ta bi ta hannun Ramlat.

Da kwanakin amincewar suka wuce, ta kira shi.

"Ka tura sabon hoton?"

Ya hau tambayar ta lafiyar gida.

"Fatihu, ka tura?"

"Ramlatuna, ki saurare ni. Mutane suna saukewa. Kunci, Shanono, Bagwai, har Dawanau. Tun da na ɗora ta ban taɓa ganin haka ba. Akwai wata ƙungiya da ta ce in masu amfani suka yi yawa za ta tallafa mini. Ɗan lokaci kaɗan nake roƙo. In abin ya tabbata, ai namu ne, ni da ke."

Ta san me suke saukewa. Ba farashin dawa suke nema ba. Ragowar hirar suke nema.

"Wato ni ce tallan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ai ba sai ka nufa ba, Injiniya. Allah ya ba da kasuwa."

Ta kashe wayar. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Sai da ta je ɗebo wake don girkin rana, ta buɗe rumbun da ke bayan gida, sannan abin ya zo mata.

Anas bai ɓata lokaci ba. Ya zo zance cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ya jingina da bango ya yi murya irin ta masu yin alheri.

"Ramlat, ni ba na biye wa maganar mutane. Kowa yana kuskure. Ni zan rufa miki asiri."

"Wanda ya yaye zanen ne zai zo da bargo?"

"Ni ban rubuta komai ba. Abin da na gani na nuna."

"Haka ne. Allah ya saka maka da irin abin da ka nuna."

Ya tsaya yana tunanin ko addu'a ce. Kafin ya gama ta shige gida.

Saƙonnin Fatihu suna ta shigowa, ba ta buɗewa. Amma ba ta daina leƙa shagon manhajoji da safe ba, kamar mai sosa gyambo. Wata safiya ta rubuta Rumbu, babu abin da ya fito. Ta sake rubutawa. Babu. Sannan ta buɗe saƙonsa na ƙarshe.

"Na cire Rumbu gaba ɗaya daga shagon manhajoji, ba hoton kaɗai ba. Na gaya wa 'yan ƙungiyar su nemi wani. Ban cancanci amsa ba, sanar da ke kawai nake yi. Na sayar da abin da ba nawa ba."

Shekarun da ya yi yana gina manhajar nan ta san su, shi ya ba ta labari, har da wayar da ya sayar don ya sayi batirin kwamfuta. Ta karanta saƙon har ta haddace. Ba ta amsa ba.

Ranar Juma'a Malam ya dawo daga masallaci da wata takarda naɗe a hammata. Ya zauna a tabarma, ya ce a kira Ramlat. Inna ta tsaya a bakin madafa da muciya a hannu.

"Yaron nan wawa ne," in ji Malam.

Babu wanda ya musa.

"Ya zo da baffansa, wani Badaru. Ana idar da salla ya miƙe a ƙofar masallaci, ya buɗe wannan." Ya warware takardar. Hoton ne cikakke, an buga shi babba, da waken a sama da maganar rumbun a ƙasa. "Ya yi ta bayani. Kin san abin da jama'a suka ce? Wai wannan an ƙara masa ne da kwamfuta. Wai na farkon ya fi kama da gaskiya."

Ramlat ta sunkuyar da kai. Ba ta yi mamaki ba. Gaskiya doguwa ce, ba ta shiga aljihun kowa.

"Da ya ga haka sai ya ajiye takardar. Ya ce, jama'a, yarinyar nan ta ce in cire hoton tun ranar farko, ni na bar shi don ina samun riba. Wanda zai zaga ya zage ni. Aka kuwa zage shi. Ya tsaya ya sha, bai motsa ba. Baffan nasa har yana jan rigarsa."

Malam ya sa yatsa a saman hoton.

"Su ba su yarda ba. Ni kuwa wannan wakena ne. Kuma wannan ƙwaryar uwarki ce, ga ɗinkin da na yi mata da kaina." Ya ɗago ya dubi Inna. "Ashe ba ki jefar da ita ba."

"Da na jefar ai da yau ba ka da shaida," in ji Inna.

Ya juya ga 'yarsa. "Kina son sa har yanzu?"

"Baba, haushinsa nake ji."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Amsar ke nan, Baba."

Malam ya naɗe takardar. Sannan ya laluba aljihu ya ajiye mata makullin shago a kan tabarma.

Fatihu ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya a zaure kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ya rame, abin da ba a zaci akwai wurin yin sa a jikinsa ba. Ta fito ta tsaya daga nesa.

"Ina wuni, Ramlat."

"Yau babu sarauta?"

"Ban san ko ina da izini ba."

"Ba ka da shi." Ta gyara mayafi. "Hoton ni na datse shi, wannan kuskurena ne, na ɗauka. Kwanakin da ka bar shi su ne naka. Kullum da safe ina dubawa, Fatihu. Kullum."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai lambobi kake dubawa."

Bai kare kansa ba, kuma wannan ne abu mafi hikima da ya yi tun da ya gama jami'a.

"To yanzu me za ka ci?" ta tambaya.

"Baffa ya yanka mini gona. Na fara sharar ta."

"Kai? Da fartanya?"

Ya buɗe tafukan hannunsa. Duk sun yi bororo, wasu sun fashe. Ta so ta ce Allah ya ƙara. Abin da ya fito daban ne.

"Ka shafa man kaɗanya. Kuma ba haka ake riƙe ƙota ba, sakarai."

"Ki koya mini, Ramlatuna."

"Na ce ba ka da izini."

"To, ranki ya daɗe."

"Ban yafe duka ba. Ka sani."

"Saura nawa?"

"Za ka riƙa ji a hankali."

Ya yi murmushi, irin na wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai kuma ya gode.

Malam ya sa sharaɗi ɗaya: sai ya ga abin da yaron ya noma. Damina ta zo ta wuce. Geron Fatihu ya fito gajere, mai ban tausayi, maƙwabtan gona suna tsayawa su yi masa jaje. Malam ya je ya gani da idonsa, ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hura.

"Ba shi da kyau," in ji shi. "Amma ana iya zuba shi a buhu. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan kaka, a ƙofar masallacin da aka zagi ango. Waɗanda suka zage shi su ne a sahun gaba, don an ce za a raba goro da dabino. Anas ya aiko da uzuri, da kuma buhun shinkafa da kowa ya ga shigowarsa. Rabin gari har ranar sun yi imani cewa auren rufin asiri ne, kuma suka ci waina da miyar taushe da wannan imanin, har da neman ƙari. Ramlat ta ji wata tana raɗa wa wata, "Ai gara da aka yi." Ta gane cewa wannan tabon ba mai fita ba ne, sai dai mutum ya koyi sa kaya a kansa.

Tana zaune cikin lulluɓi, hannu da ƙafa sun sha lalle, wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"Amaryata, an shafa fatiha. Yanzu ina da izini?"

Ta mayar masa da amsa daga cikin lulluɓin.

"Na yau kaɗai. Gobe ka sake tambaya."

Da la'asar, kafin a tafi da ita, aka kai ta gaban iyayenta. Tsakar gida ta cika da mata. Inna ta riƙe hannunta tana hawaye. Malam ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannu.

"Ramlat, na yafe miki duniya da lahira. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya cika muku rumbu, ya sa ku rufa wa juna asiri. Allah ya tsare ku daga bakin mutane."

Gidan ya ɗauka da amin. Wadda ta fi kowacce ƙarfi daga bakin Hure ta fito.